Zango Shida na Kawu

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu kama hanya. Ya cika ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti a nan Doha, aka sallace shi bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyarsa ba. Kawu yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, injiniya ne, shi ya ɗauko tsohon daga Zariya bayan rasuwar matar Kawun, ya ajiye shi a gidansa da ke Muntaza. A nan aka yi zaman makoki.

Maza suna falo, mu mata muna ɗakin ciki, ƙofa a buɗe, don haka duk abin da aka faɗa ya shiga kunnena. Wani likita ya ce shekara da shekaru bai taɓa rigan Baba shiga masallaci ba. Wani malamin jami'a ya ce tsoho ne marar hayaniya, ko tari zai yi sai ya nemi izini. Ladanin wani ƙaramin masallaci a Mansura ya zo, ya yi bayani da Larabcinsa mai gargada cewa tun da Baba ya sa hannu a lasifikarsu ba ta sake kuwwa ba, kuma ko shayi bai taɓa karɓa a kan aikin ba. Kowa ya ce Allah ya sa halinsa na gari ya bi shi. Duk gaskiya suka faɗa. Amma ina zaune ina cika ina batsewa, don mutumin da suke yabo rabin Kawu ne, rabin ma na ƙarshe.

Can sai ga wani tsoho ɗan Zangon Kumasi, mai tura baro a kasuwar Suk Wakif, abokin hirar Kawu. Ya shigo da rigar aikinsa, ya zauna kusa da takalma, ya shafa addu'a tare da kowa. Da aka yi shiru sai ya girgiza kai ya ce, "Allah shi jiƙan mai jita. Wallahi hannun nan shi san tsirkiya. Ku dai ba ku ji komi ba."

Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, addu'a kawai yake bukata yanzu."

"Haka ne, ɗana," inji tsohon. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Matar da ke kusa da ni ta raɗa min a kunne, "Jita kuma? Wace irin jita?" Na tura mata farantin dabino na ce ta ci.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Kawu ya bar wani aiki da ya yi kusan shekara hamsin yana yi, kuma cikin mako guda da rasuwarsa sai da ya zama dole ni da Yaya mu yanke: ko a bar aikin, ko a shafe shi kwata-kwata. Kafin in faɗi yadda muka ƙare, bari in faɗi ko wane ne mai aikin.

Kawu gajere ne, baƙi, mai ƙananan idanu da manyan kunnuwa, kuma da kunnuwan nan yake rayuwa. In fanka tana ƙara a gidanka, ba za ka samu gaisuwar kirki daga wurinsa ba sai ya hau kujera ya ɗaure ta. A aljihunsa na dama carbi, a na hagu sukudireba. In liman yana huɗuba za ka ga yatsunsa na hagu suna tafiya a kan gwiwarsa, in ya lura ana kallonsa sai ya danne su da ɗaya hannun kamar mai tsawata wa jikoki. Yakan ce, "Ido maƙaryaci ne, kunne kuwa ba a ba shi toshiyar baki." In ya ji waƙa a rediyon mota an cika mata kaya, sai ya ce, "Wannan miya gishiri ya kashe ta. In ka rasa abin da za ka yi wa waƙa, cire mata wani abu."

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Shekarar da aurena ya mutu, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan gida a Mansura, babu wanda bai zo min da nasiha ba. Wasu su ce haƙuri, wasu su ce ai da na rage tsiwa. Tsiwar kam ina da ita, ba na musu. Kawu ya zo ranar wata Asabar da safe, ya yi sallama, bai tambaye ni komai ba. Ya gyara marikin ƙofar banɗaki, ya ɗaure ƙafar tebur, ya buɗe bayan firji ya kashe wani gurnani da na yi wata shida ina ji ban san yana damuna ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, ya ce, "Yanzu gidan ya yi shiru, Uwata. Kya iya kuka ki ji kanki." Yana fita na yi kukan da na kasa yi tun ranar da aka ba ni takarda.

Tun ina yarinya a Zariya nake jin ƙishin-ƙishin cewa Kawu ya taɓa zama ɗan otal. In na tambayi Inna, mahaifiyata, sai ta aike ni ɗebo ruwa. Sai a Doha na san kan zancen. Wata rana na tashi daga aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ya kira ni ya ce in zo in kai shi wani shago a Mansura inda ake kwafe tsofaffin kaset a zuba a waya. Ya fito daga gidan Yaya rungume da gwangwanin biskit a ƙarƙashin babbar riga, yana waige kamar wanda ya sato. Kaset biyar ne a ciki. Da mai shagon ya gama kwafe na farko a wayata, Kawu ya sa min abin ji a kunne da hannunsa ya ce, "Riƙe kujera."

Na zaci garaya zan ji ko wani wa'azi na da. Sai wata jita mai lantarki ta tsaga min kunne, tana ƙaraji kamar ana yanka ƙarfe, ganguna suna bin ta a guje, sannan wata murya ta saurayi, mai kaifi, mai fushi, ta shigo da Hausar Zazzau tana cewa a buɗe ƙofar gari za ta fita. Na cire abin daga kunnena na ce, "Kawu, wane ne wannan?"

"Wani mahaukaci ne," inji shi. "Mun rabu da daɗewa."

A gefen titi, muna shan shayin karak a cikin mota, ya ba ni labarin. Su huɗu ne a Kaduna zamanin wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa: shi da jita, wani da ganguna, wani da babbar jita mai kaurin murya da suke kira bes, na huɗu da fiyanon lantarki. Kiɗan rok suke yi a otal-otal, suna kwaikwayon faifan Turawa baƙi da baƙi, ana tafa musu. Ya ce wata rana yana tsakiyar waƙa ya ji kunyar kansa, yana ihu da Turanci a kan wani birni da bai taɓa gani ba. Ya kuma lura Turawan nan suna da wani irin faifai da ba tarin waƙoƙi ba ne, labari ne guda daga farko har ƙarshe, kowace waƙa tana miƙa wa ta gabanta. Sai ya ce shi ma yana da labari.

Labarin kakansu ne shi da Inna, mahaifin mahaifinsu, wanda ya fita daga Zariya a ƙafa zai tafi hajji, shi da abokan tafiya uku, ya bar matarsa da ciki. Bai dawo ba. Bayan shekaru wani alhaji ya kawo labari cewa ya gan shi a bakin teku a Sawakin yana jiran jirgin ruwa, shi kaɗai, kuma a nan ya rasu. Kawu ya tsara faifan zango-zango, kowace waƙa wurin da tsohon ya yada zango.

Zango na farko shi ne Fita, wanda na ji. A na biyu, Barno, Kawu ya kawo mai kalangu ya zaunar da shi kusa da mai ganguna. Mai ganguna ya ce shi ba zai haɗa kafaɗa da makaɗin mahauta ba, suka yi baram-baram, ana gama ɗaukar waƙar ya tattara sandunansa. In ka saurara za ka ji rigimar a cikin kiɗan, ganguna suna ture kalangu, kalangu yana zagaye su yana magana. A na uku, Wadai, babu ganguna, kuma babu bes, don mai bes ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jos. Na ce me ya sa bai nemi wani ba, ya ce, "Gurbinsa ne. Shi ma kakanmu da ya binne abokinsa a rairayi ai bai ɗauki haya ba." Waƙar tana tafiya ba ƙasa a ƙarƙashinta, jita tana lilo a sama, kalangu yana ɗingishi a baya.

Kafin na huɗu, Fashir, mai fiyano ya samu aikin gwamnati ya saki gemu, in sun haɗu a hanya sai ya tsallaka titi. Kawu ya samo wani makaho mai kukuma, suka ɗauka su biyu a ɗakin wani mai gyaran rediyo, ya rage wa jitar wuta har ta daina ƙaraji ta koma nishi. Na biyar, Gonakin Auduga, inda kakan ya yi shekaru yana ƙwadago don ya samu guzuri, Kawu ya ɗauke ta bayan ya daɗe da barin otal, yana sana'ar gyaran lasifika a Zariya. Jita ce ta katako, ba lantarki, ya sassauta tsirkiyoyinta har ta koma magana irin ta gurmi. A ƙarƙashin kiɗan ana jin wata mace tana daka can nesa. Ya ce matarsa ce, ba ta ma san ana ɗauka ba.

Ba shi ya shirya faifan ya riƙa ramewa haka ba, rayuwa ce ta riƙa zare masa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ƙi cike gurbi. Amma in ka ji su a jere, sai ka rantse tun ranar farko aka tsara: mutum ya fita da hayaniya da abokai, yana tafiya ana rage masa kaya.

A kan wannan faifai muka yi faɗanmu guda ɗaya. Na ce masa zan ɗora a intanet duniya ta ji, har na fara lissafa masa irin mutanen da ke neman tsofaffin kiɗan ƙasarmu ruwa a jallo. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Na ba ki ajiya, kin kai kasuwa?"

Na ce, "Kawu, to me amfanin abin da ba wanda zai ji? Tsoron Yaya kake yi, ko tsoron mutanen masallaci?"

Bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Ya buɗe ƙofar mota ya fita, tsoho mai ciwon gwiwa, ya taka har tashar jirgin ƙasa na metro a cikin ranar nan ta Doha. Wata guda bai ɗaga wayata ba. Da na je ba shi haƙuri na durƙusa, ya ce, "Tashi, uwa ba ta durƙusa wa ɗa. Tsoro kam ina ji, amma ba na waɗanda kika lissafa ba." Daga ranar ban sake tayar da zancen intanet ba.

Zango na shida a motata aka ɗauke shi, wata huɗu kafin rasuwarsa. Yatsunsa sun riga sun ƙage, ko maɓallin riga sai an sa masa. Ya ce in kai shi bakin teku da azahar, lokacin da ba kowa. Na tsaya inda muke ganin ruwa, ya ce in kashe mota don na'urar sanyi tana gurnani. Na ce, "Kawu, za mu dahu." Ya ce, "Yalla, maza kashe. Shi kakanmu fanka aka kunna masa?" Na kashe, na danna waya. Ya rufe ido ya fara, ba jita, ba tafi, murya kawai, ta dushe, tana karkarwa. Tsoho ne zaune a bakin ruwa yana kiran garuruwan da ya wuce da mutanen da ya bari a kowanne, yana tambayar ko cikin da ya bari namiji ne ko mace. Minti bakwai. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, ni kuwa ban san ko gumi ne a fuskata ko hawaye ba.

Da ya gama na ce, "Saura Makka."

Ya ce, "Shi ma bai kai ba. Kuma ba a shiga Makka da jita." Ya share fuska da hularsa. "Uwata, ki riƙe min. Duka shidan."

Yanzu sai in yi wa Yaya adalci, ko da yake ba na so. Ni da shi taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, tun muna yara yake kirana baiwarsa, ni kuma in ce masa ubangidan da ba shi da ko akuya. Ko a Doha, in na shiga gidansa sai ya ce wa matarsa ta ba baiwa tsintsiya. Amma Yaya ya sha wuyar jitar nan. A makarantar allo ana ce masa ɗan maroƙi. Yarinyar da ya fara nema, an kai gaisuwa, an sa rana, sai wani baffanta ya tuna ya taɓa ganin Kawu a kan dandamalin otal da gashi buzu-buzu, aka dawo da kaya. Yaya bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ya yi masa hidima irin wadda ban ga wani ɗa ya yi ba, shi yake yanke masa farce, shi yake cuɗa masa baya. Sai dai a gidansa ba a ambaton Kaduna.

Ranar uku da rasuwa, bayan baƙi sun ragu da la'asar, ya kira ni baranda. Bai ce baiwa ba, ya ce, "Ƙanwata, zauna." A nan na sha jinin jikina. Gwangwanin biskit yana kan tebur a buɗe, an zaro zaren kaset ɗin duka an daddatsa da almakashi.

"Me ka yi?" na ce.

"Abin da ya sa ni. Ranar Litinin a asibiti, kina wurin aiki, ya riƙe hannuna ya ce, ka kawar da kayan nan, kada su bi ni." Ya dube ni. "Na san akwai a wayarki."

Na so in ce ƙarya yake yi. Amma Yaya ko a wasan taubasantaka ba ya ƙarya, abin da ya sa kullum nake cinye shi ke nan. Na ce, "Ni kuma ya ce in riƙe masa."

"Yaushe?"

"Wata huɗu da suka wuce."

"To tawa ce ta ƙarshe."

"Taka ta mai zazzaɓi ce, yana jin tsoro!"

"Eh, yana jin tsoro," inji Yaya. "Ke ba kya ji masa? Duk wanda ya kunna abin nan, ana rubuta masa, ana rubuta wa Baba. Yana kwance ba ya iya tashi ya kashe."

Na ce malamai sun saɓa a kan kiɗa, kuma wannan ba batsa ba ce, labarin mai tafiya hajji ne. Ya ce in ɗauki fatawar da na ga dama a kan nawa kabarin, amma ba a kan na mahaifinsa ba. Na ce to in da laifi a ɗora min, na ɗauka. Ya yi wani murmushi marar daɗi ya ce, "Ba a ɗaukar wa wani, kin sani." Na sani. Na tashi na bar masa barandar, ko sallama ban yi wa matarsa ba.

Kwana uku ina yawo da wayar nan kamar mai ɗauke da garwashi a tafin hannu. Ban kunna ba, ban share ba. A wurin aiki sai da abokiyar aikina ta karɓe wani gwaji daga hannuna ta ce in je in wanke fuska. Haushin Yaya nake ji, da haushin Kawu ma, Allah ya gafarta masa, da ya raba wasiyya biyu ya ba mu mu yi ta kokawa. Ta yiwu duka biyun gaskiyarsa ce: yana son aikinsa, yana kuma tsoronsa, shekara hamsin bai iya raba gardamar ba sai ya bar mana gado. Abin da ya fi ci min rai shi ne, in na share na kashe abin da babu irinsa a duniya, in na bari ina caca da kabarin wani.

Ranar shida na je wurin Yaya na ce mu kai maganar gaban Inna, ita ce babbar da ta rage, duk abin da ta ce shi ke nan. Ya yarda. A raina na tabbata za ta goyi bayana, ai uwata ce.

Washegari bayan azahar muka zauna a falonsa, muka kira ta a Zariya, wayar Yaya a kan tebur a buɗe. Kowa ya faɗi nasa. Inna ta saurara har muka gama. Sannan ta ce, "Ku ba ku san komai ba. Ni ina tsaye a zaure ranar da ya zo da jitar nan gida. Malam ya karɓa ya sa ƙafa ya taka ta, ya ce masa, in ka sake taɓa wannan abu ban yafe ba. Yayan nawa ya koma Kaduna ya sayi wata." Malam shi ne mahaifinsu. "Da Malam ya kwanta ciwon ajali an aika masa, ya iso an riga an binne. Ni na yi jinya, ni nake ba shi ruwa. Ina ta kasa kunne ko zai janye maganar. Ban ji ba. Ban ce bai janye a zuciyarsa ba, amma ni ban ji ba."

Sai a lokacin na gane tsoron da Kawu ya ce ba na waɗanda na lissafa ba ne.

Na ce, "Inna, amma labarin kakanku ne. Ko sau ɗaya ki ji."

"Ba zan ji ba. In na ji zan so shi, in na so shi ba zan iya faɗin abin da zan faɗa ba." Ta ja numfashi. "Kin ce akwai wanda ba kiɗa a ciki?"

"Na ƙarshe."

"Ki bar wannan. Sauran ki share, yanzu, ina ji. Ɗan'uwana ya sha wahala a duniya, ba zan kwana ina tunanin yana sha a can ba."

Na dubi Yaya ko zai ce wani abu. Kansa yana ƙasa. Na ɗauki wayata. Kowace waƙa sai wayar ta tambaye ni ko na tabbata, sau biyar ina ce mata eh. Fita ta tafi, da saurayin nan mai fushi. Barno ta tafi da mai ganguna da mai kalangu da rigimarsu. Wadai, Fashir da makahon mai kukuma. A kan Gonakin Auduga na tsaya, na ce, "Yaya, akwai dakan mahaifiyarka a cikin wannan." Ya ɗago ya dube ni, sannan ya kawar da kai. Inna ta ce, "Kin gama?" Na danna. Na shiga inda waya take ajiye abin da aka share, na share a can ma, don kada in ci amanar uwata.

Sannan na kunna musu na shida. Ban taɓa jin sa shi kaɗai ba. A da, in ya zo bayan biyar ɗin nan, shirunsa yana da nauyi, kana jin duk abin da aka zare kafin a kai ga wannan murya. Yanzu kuwa wani tsoho ne kawai marar lafiya yana kiran sunayen garuruwa a cikin mota mai zafi. Inna ta yi kuka ta ce alhamdu lillahi, ta sa mana albarka, ta kashe waya. Ita ta samu sauƙi, kuma ban yi mata baƙin ciki ba. Ni dai na san abin da na rasa, kuma a falon nan ni kaɗai na sani.

Yaya ya rako ni ƙasa har wurin mota, abin da bai saba ba. Rana tana dukan kwalta. Na buɗe ƙofa zan shiga sai ya riƙe ta.

"Na farkon nan," ya ce, yana kallon wani wuri daban. "Wanda yake saurayi. Yaya yake?"

"Ba ka taɓa ji ba?"

"Ban taɓa ba. Ko ɗaya." Ya juyo ya dube ni. "Ɗan yi min yadda yake."

Na so in zage shi, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Na rufe ido na nemo jitar nan a cikin kaina, tana nan, tana ƙaraji, ganguna suna bin ta. Na buɗe baki. Abin da ya fito wani siririn amo ne, irin wanda ake lallashin jariri da shi. Yaya ya karkato da kunne yana saurare da dukkan jikinsa, mutum mai furfura a gemu, har na kai inda numfashina ya ƙare.

"Haka yake?" ya ce.

"A'a, Yaya," na ce. "Ba haka yake ba."